Wa Ke da Ikon Cewa “An Tabbatar”?

Ɗauki kowace lamba da ke rabuwa biyu daidai, muddin ta haura 2. Za ka iya samar da ita in ka haɗa lambobi biyu daga cikin irin waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 ko da kansu. 8 ita ce 3 da 5. 20 ita ce 7 da 13. 100 ita ce 47 da 53. Wannan magana ta fito ne daga wasiƙun da Christian Goldbach da Leonhard Euler suka yi musaya a shekarar 1742, kuma tun daga lokacin ake farautar lamba ɗaya tak da za ta karya ta. An sa kwamfutoci sun bi lambobi ɗaya bayan ɗaya har zuwa 4 mai sifili 18 a bayanta, ba a samu ko guda ba. To je ka tambayi masanin lissafi ko maganar Goldbach gaskiya ce. Zai ce maka yana kyautata zaton haka ne, amma ba a sani ba tukuna.

A ranar da ya ba ka wannan amsa, likita zai rubuta wa majinyaci maganin da aka gwada a kan 'yan dubban mutane, ya ce an tabbatar yana aiki. Alƙali zai ɗaure mutum shekaru bisa shaidar mutum biyu ko uku, ya ce laifi ya tabbata. Masanin tarihi zai riƙe takarda ɗaya da ta tsira daga gara da gobara, ya ce ga abin da ya faru. Dukansu kalma ɗaya suke furtawa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Amma da za ka kai hujjar likitan gaban masanin lissafi, ba zai ko ɗaga kai ya dube ta ba.

A nawa ganin, saɓanin da ke tsakanin fannonin ilimi bai cika shafar gaskiya ita kanta ba. Inda suka rabu shi ne wurin da ya halatta mutum ya ajiye bincike ya ce “na sani”. Abu biyu ne ke tsaida wa kowane fanni wannan wuri. Na farko, ta wace ƙofa yake isa ga abin da yake nazari: zai iya maimaita shi, ko ƙirga shi kawai zai iya, ko kuwa labarinsa ne kaɗai ya iso gare shi? Na biyu, wane kuskure ya fi tsoro: ya karɓi ƙarya, ko ya ƙi gaskiya, ko ya zauna bai yanke komai ba har lokaci ya ƙure?

Masu falsafa ne suka fi daɗewa a bakin wannan tambaya. Tun daga Aflaton na Girka aka gaji wata ma'ana mai ƙafa uku: sani shi ne ka yarda da abu, abin ya kasance gaskiya, kuma kana da dalilin yarda da shi. Bertrand Russell ya kawo misalin da ya girgiza ta. Mutum ya dubi agogon bango ya ga ƙarfe 12, ya yarda, kuma lallai sha biyun ce ta yi. Abin da bai sani ba, agogon ya tsaya tun sha biyun jiya. Ya yarda, abin gaskiya ne, yana kuma da dalili, don duba agogo hanya ce ta masu hankali. Amma wa zai ce ya san lokaci? Dace kawai ya yi. A 1963 Edmund Gettier ya rubuta maƙala mai shafi uku kacal da misalai irin wannan, kuma har yau ba a gama ɗinke ɓarakar da ta yi ba. Karin maganar nan da ke cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya ta taɓo wurin: faɗawa kan gaskiya daban, saninta daban.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗaga ma'aunin sama ƙwarai. A wurinsa sani na haƙiƙa shi ne wanda shakka ba ta da ƙofar shiga cikinsa. Ya ce ya san 10 ta fi 3, kuma da wani zai zo ya ce 3 ce ta fi, har ya mai da sanda maciji a gabansa don kafa hujja, da zai yi mamakin abin da mutumin ya yi amma ba zai yi shakkar lissafinsa ba. Da ya auna idanunsa da wannan ma'auni sai suka faɗi: ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take yi, yana ganin tauraro bai fi dinari ba alhali ya fi duniyar nan girma. Gani ya kori ji, haka ne, amma shi ma ganin akwai mai korarsa.

Malaman usulul fiƙihu kuwa sun yi wani abu da nake ganin ya fi amfani ga wanda ke son gane wannan batu. Sun jera matakai: yaƙini, inda babu wata hanya sai ɗaya, zato, inda ɓangare ɗaya ya rinjaya, shakka, inda biyun suka yi kunnen doki, sai wahami, wato ɓangaren da aka rinjaya. Sannan suka faɗa ƙarara cewa mafi yawan hukunce-hukuncen fiƙihu a kan zato mai rinjaye aka gina su, kuma aiki da shi wajibi ne. Ba su ga abin kunya a nan ba. Sun gane cewa wanda ya ce ba zai motsa ba sai da yaƙini, to a zaune zai ƙare. In ka riƙe wannan tsani a hannu, za ka ga kowane fanni ya zaɓi matakin da zai tsaya.

Lissafi ya tsaya a ƙololuwa, kuma yana da dalilin taurin kansa. Gwada wannan: ɗauki lamba, ninka ta da kanta, ƙara ta a kai, sannan ka ƙara 41. In ka sa 1 za ka sami 43. In ka sa 2, 47. In ka sa 3, 53. Duk lambobi ne marasa rabuwa, kuma haka abin zai ci gaba daga 0 har zuwa 39, sau 40 a jere babu kuskure. Wanda ya gaji ya tsaya a nan zai rantse ya gano ƙa'ida. Sa 40 sai ka sami 1681, wadda 41 ce sau 41. Lambobi ba su da iyaka, don haka komai yawan waɗanda ka duba, waɗanda ba ka duba ba sun fi su yawa. Shi ya sa masanin lissafi ba ya ƙirga shaidu. Yana neman hujjar da za ta rufe kowace ƙofa a lokaci guda, kowane mataki ya fito dole daga wanda ya gabace shi.

Sai dai wannan yaƙini da sharaɗi yake tafe, kuma an daɗe kafin a lura. Iƙlidis, wanda ya rayu a Iskandariya kimanin shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya gina ilimin siffofi a kan tushe biyar da aka karɓa ba tare da hujja ba. Huɗu masu sauƙi ne. Na biyar ya yi daidai da cewa in kana da miƙaƙƙen layi da wani ɗigo a gefensa, layi ɗaya ne tak zai ratsa ta ɗigon ya tafi har abada bai haɗu da na farkon ba. Masana sun ji wannan ya fi kama da abin da ya kamata a kawo wa hujja. Ibnul Haisam ya gwada, Umar Khayyam ya gwada, Nasiruddin Ɗusi ya gwada, Turawa ma suka yi ta fama, kusan shekara 2,000. Sai Nikolai Lobachevsky a Rasha a 1829, da János Bolyai a Hungari a 1832, suka juya tambayar: in aka cire tushen na biyar aka sa kishiyarsa, me zai rushe? Babu abin da ya rushe. Wani sabon ilimin siffofi ne ya fito, cikakke, ba ya karo da kansa, inda kusurwoyin alwatika ba sa cika digiri 180. A kan ƙwallo kuwa haurawa suke yi. Tashi daga ƙuryar arewa ta duniya ka gangaro zuwa layin da ya raba ta biyu, ka bi layin rubu'in zagaye, ka koma arewa: ka zana alwatika mai digiri 270. Ashe abin da lissafi ke tabbatarwa shi ne “in ka yarda da kaza, to kaza ya zama dole”. Wanne daga cikin waɗannan siffofi ne ya dace da sararin da muke ciki, wannan ba tambayar lissafi ba ce kuma. A 1931 Kurt Gödel ya ƙara wani shinge: duk tsarin tushe da bai karo da kansa ba, wanda kuma ya isa ya ɗauki lissafin lambobi, akwai maganganu a cikinsa da ba zai iya tabbatarwa ko ƙaryatawa ba.

Kimiyya ita ce ta ɗauki tambayar da lissafi ya ajiye, wato yaya duniya take a zahiri, kuma da ɗaukarta ta sauko daga matakin yaƙini. Labarin mutum ɗaya ya isa ya nuna yadda abin yake. Isaac Newton ya wallafa dokokin motsi da na jan nauyi a 1687, suka yi aiki har aka ɗauka magana ta ƙare. Can sai aka lura duniyar Yuranus tana kaucewa daga hanyar da dokokin suka zana mata. Ko dai dokar ce ke da gyara, ko kuwa akwai wani abu da ba a gani yana janta. Urbain Le Verrier na Faransa ya zaɓi na biyu. Ya zauna da alƙalami ya lissafa inda ɓoyayyiyar duniyar za ta kasance, ya aika wasiƙa Barlin, kuma a daren 23 ga Satumba 1846 Johann Galle ya juya madubin hangen nesa ya ga Naftun, ƙasa da digiri ɗaya daga wurin da aka nuna masa. Da wuya a sami nasarar da ta fi wannan tsabta.

A 1859 shi dai Le Verrier ya gano cewa Makyuri ma tana kaucewa. Kaucewar ƙarama ce ƙwarai: raba digiri ɗaya gida 3,600, to kimanin 43 daga ciki a kowace shekara 100. Ya sake ɗauko maganin da ya yi masa aiki, ya ce akwai wata duniya tsakanin Makyuri da rana, har aka raɗa mata suna Bulkan. Shekaru da dama masana taurari suna dakon husufin rana don su hango ta, wasu ma suka ce sun gani. Babu ita. A Nuwamban 1915 Albert Einstein ya nuna cewa sabuwar fahimtarsa ta jan nauyi tana ba da waɗannan 43 ɗin daidai, ba tare da an ƙirƙiro wata duniya ba. Wannan karon dokar ce ke da gyara.

Abin da ke tsaya mini a rai shi ne: mutum ɗaya ne, hanyar tunani ɗaya, ƙwarewa ɗaya. Karo na farko ya dace, na biyu ya kauce, kuma a 1859 babu wata alama da za ta gaya masa cikin wanne yake. Karl Popper ya ce a 1934 abin da ya sa magana ta zama kimiyya shi ne a iya faɗin gwajin da zai ƙaryata ta. Wannan ma'auni ne mai kyau, yana kama masu maganar da kome ya faru sai su ce dama sun faɗa. Amma da an bi shi da tsauri, da an jefar da Newton tun a kan Yuranus, da kuma an yi asarar Naftun. Thomas Kuhn, a 1962, ya fi kusa da yadda masana ke aiki a zahiri: suna riƙe tsarin da ke hannu, suna haƙuri da 'yan abubuwan da suka ƙi daidaita, har sai wanda ya fi shi ya bayyana. Kuma ba a ce Newton ƙarya ya yi ba. Har gobe da lissafinsa ake tsara tafiyar kumbo. Abin da aka gano shi ne iyakar inda maganarsa ke aiki. Sani a kimiyya ke nan: bayanin da ya fi kowanne jure duka, tare da faɗin inda ya tsaya da girman kuskuren da ke iya kasancewa cikin awonsa.

Ko a cikin gidan kimiyya ma'aunin ba ɗaya ba ne. Da cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta CERN da ke kusa da Jiniba ta sanar da gano wata ƙanƙanuwar ƙwaya da ake kira Higgs a ranar 4 ga Yuli 2012, sai da ta kai matakin da, in da babu ƙwayar, damar ganin irin wannan alama bisa tsautsayi ba ta wuce 1 cikin kusan miliyan 3.5 ba. Masu binciken lafiya da na halayyar ɗan Adam sun saba tsayawa a 1 cikin 20, al'adar da ta samo asali daga rubuce-rubucen Ronald Fisher na 1925. Ba lalaci ne ya kawo wannan tazara ba. Masu nazarin ƙwayoyin zarra suna tace biliyoyin karo, inda tsautsayi ke da dama mai yawa na yin kama da gaskiya, kuma in suka ƙara jiran shekara guda babu wanda zai mutu. Likita ba shi da biliyoyin majinyata, kuma wanda ke kwance a gabansa ba zai jira ba.

Shi ya sa likitanci ya koyi darasinsa da rayukan mutane. An san cewa waɗanda suka tsira daga bugun zuciya, in zuciyarsu tana bugawa ba bisa tsari ba, sun fi saurin mutuwa. An kuma sami magungunan da ke daidaita bugun. Hankali ya ce a ba su, aka yi ta ba su, na'ura kuma tana nuna bugun ya daidaita. Sai aka yi gwaji a Amurka inda ƙuri'a ce ke raba majinyata gida biyu, wasu su sha maganin, wasu su sha ƙwayar da babu komai a cikinta. A 1989 aka tsai da gwajin magunguna biyu daga ciki, encainide da flecainide, kafin lokaci. Cikin kusan mutum 1,500, waɗanda suka mutu a ɓangaren masu shan maganin 63 ne, a ɗaya ɓangaren 26. Dalilin ya hau hankali, ƙwararru sun yarda, ido ya ga sauƙi a na'ura, amma mutane mutuwa suke yi. Tun gwajin maganin tarin fuka na streptomycin a Biritaniya a 1948 aka fara gane cewa ƙuri'a ce kaɗai ke hana likita ya yaudari kansa ba da niyya ba.

Amma ba komai ake jefa wa ƙuri'a ba. Ba za ka tara mutane ka umarci rabinsu su sha taba shekara 30 ba. Da Richard Doll da Austin Bradford Hill suka nuna alaƙar taba da kansar huhu a 1950, kamfanonin taba sun shafe shekaru suna maimaita cewa ba a tabbatar ba. In da ma'aunin lissafi ake nufi, gaskiya suka faɗa, kuma da shi ba za a taɓa tabbatarwa ba. Sun aro ma'aunin wani gida ne da gangan don su hana wannan gida yin magana. A 1965 Hill ya zayyana abubuwan da ake dubawa a irin wannan hali: ƙarfin alaƙar, maimaituwarta a wurare dabam-dabam, sababi ya riga sakamako, cuta ta ƙaru in abin ya ƙaru. Babu ɗaya da ya isa shi kaɗai, amma in suka taru sun isa a yi aiki. Sassaucin ma yana da nasa haɗarin. A 2015 wata tawagar masu bincike ta sake gwaje-gwaje 100 da aka wallafa a fannin halayyar ɗan Adam, kuma kimanin 36 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi.

Tarihi ba shi da ɗakin gwaji ko kaɗan. Abin da ya wuce ya wuce, labari da kufai kawai ya bari. Duk fannin da ke rayuwa a kan labari dole ya amsa tambaya biyu: wa ya faɗa, kuma abin da ya faɗa zai yiwu? Malaman hadisi sun kai tambaya ta farko matuƙa. Kafin su kira hadisi ingantacce sai isnadinsa ya haɗu babu yankewa, kowane mai ruwaya ya zama adali, ya zama mai kiyayewa, ruwayar ba ta saɓa wa ta waɗanda suka fi shi ba, kuma babu ɓoyayyiyar illa. Suka rubuta tarihin dubban masu ruwaya, suka raba labarin da jama'a masu yawa suka ruwaito har haɗuwarsu a kan ƙarya ba za ta yiwu ba, wato mutawatiri, da wanda ya zo ta hanyoyi ƙalilan.

Ibn Khaldun, a gabatarwar tarihinsa ta 1377, ya danna a kan tambaya ta biyu. Ya ɗauko abin da Mas'udi da wasu suka ruwaito cewa mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, Alaihis Salam, sun kai 600,000. Bai tsaya tambayar wa ya ruwaito ba. Ya ce wace ƙasa ce za ta ɗauki wannan runduna, kuma wane fili za ta yi sahu har wannan gefe ya san abin da wancan ke ciki? Daular Farisa da ta fi girma nesa ba kusa ba, rundunar kwamandanta Rustum a yaƙin Ƙadisiyya 120,000 ce. Kakanni kaɗan ne tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa, yaya zuriya za ta yaɗu haka? Labari, a wurinsa, sai an auna shi da yadda al'umma ke rayuwa. A 1440 Lorenzo Valla a Italiya ya yi makamancin haka da takardar da ake cewa Sarki Kwanstantin ya mallaka wa Fafaroma yammacin daular Rum da ita. Ya nuna akwai kalmomi da muƙamai a cikinta da ba a san su a fadar Rum ta ƙarni na 4 ba. Harshen takardar ne ya tona mata asiri.

Da irin waɗannan makamai tarihi kan kai ga sani mai ƙarfi a kan “me ya faru”. Babu mai hankalin da ke shakkar an harbe yarima Franz Ferdinand na Ostiriya a Sarayebo ranar 28 ga Yuni 1914, dab da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma “me ya sa” aka faɗa Yaƙin Duniya na Ɗaya, an haura shekara 100 ana jayayya, kuma masu jayayyar takardu ɗaya suke karantawa. Wannan ba ya nufin kowane bayani daidai yake da ɗan'uwansa. Wanda ya ɓoye takardar da ta saɓa masa ya fita daga fannin.

Kotu ita ce ta fi kowa faɗin gaskiya game da iyakarta. Masanin tarihi zai iya cewa a jira ƙarin hujja. Alƙali ba shi da wannan dama, dole ya rufe shari'a da abin da ke gabansa, don haka dokar ta tsara tun farko wanda shakka za ta faɗa wa. A shari'ar laifi sai an kawar da duk shakka mai ma'ana, domin ɗaure marar laifi ya fi sakin mai laifi muni. A rikicin haƙƙi tsakanin mutum biyu kuwa, wanda hujjarsa ta ɗan rinjaya shi ke ci. Shi ya sa a Amurka aka wanke O. J. Simpson daga tuhumar kashe mutum biyu a 1995, sannan a 1997 wata kotun ta ɗora masa alhakin mutuwar mutanen nan biyu, ta ce ya biya dala miliyan 33.5. Kotunan ba su ƙaryata juna ba. Tambaya biyu aka yi da ma'auni biyu. Hadisin Ummu Salama da ke cikin Bukhari da Muslim ya raba abubuwan nan sarai: Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya ce wani kan fi wani iya tsara hujja, sai ya yi masa hukunci bisa abin da ya ji, to duk wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yankin wuta aka yanka masa. Hukunci ya zartu, amma gaskiyar tana nan inda take, hukuncin bai motsa ta ba.

Akwai kuma fannonin da abin da suke nema shi ne ma'ana. E. E. Evans-Pritchard ya zauna cikin al'ummar Azande a kudancin Sudan, ya wallafa bincikensa a 1937. Rumbu kan faɗo a kan masu hutawa a inuwarsa, sai a ce maita ce. Ya lura mutanen sun san sarai gara ce ta cinye ƙafafun rumbun. Tambayarsu wata ce: me ya sa ya faɗi a daidai lokacin da waɗannan mutane ke ƙarƙashinsa? Abin da mai binciken ya sani a ƙarshe shi ne yadda tunanin ke aiki a zukatan masu shi, kuma wannan sani ne na gaske. Daga irin wannan wasu suka zarce suka ce ai kowa da gaskiyarsa. Ban yarda ba, kuma ina ganin maganar tana da haɗari. Majinyata 63 ɗin nan sun mutu ko da wace al'ada ka dube su. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya ce gaskiya ba ta karo da gaskiya, sai dai ta yi mata shaida. In fannoni biyu suka ba da amsa biyu ga tambaya ɗaya, to ɗayansu ya yi kuskure, ko kuwa tambayar dama ba ɗaya ba ce.

Matsalar ita ce a bakin iyaka ba kullum ake gane wanda ya yi kuskuren ba, kuma mai lambobi a hannu ya fi samun masu saurare. A 1862 Lord Kelvin ya lissafa shekarun duniya daga yadda take hucewa, ya ce tsakanin miliyan 20 ne da 400, daga baya ya matse zuwa 20 da 40. Masana duwatsu, waɗanda ke karanta shimfiɗun ƙasa da zaizayar koguna, suka ce wannan lokaci bai isa ba, amma ba su da lissafin da zai tsaya gaban nasa. Lissafin Kelvin ba shi da kuskure. Tushen da ya ɗora shi ne bai cika ba: ya ɗauka cikin duniya daskararre ne, alhali yana motsi yana kai zafi sama, kamar yadda tsohon mataimakinsa John Perry ya nuna a 1895, kuma bai san akwai sinadaran da ke haifar da zafi da kansu ba. A 1956 Clair Patterson ya auna ya sami kimanin shekara biliyan 4.55. Masu duwatsun ne suka fi kusa.

Wancan kuskure littattafai kawai ya ɓata. Akwai wanda ya fi shi ciwo. A Ingila wata mata lauya ta rasa jarirai biyu maza, ɗaya a 1996 yana da mako 11, ɗaya a 1998 yana da mako 8. Aka tuhume ta da kashe su. A gaban kotu a 1999 wani shahararren likitan yara ya ce a gida irin nata, damar jariri ya yi mutuwar farat ɗaya ba tare da sanannen dalili ba 1 ce cikin 8,543, don haka damar hakan ta faru sau biyu 1 ce cikin miliyan 73. Ninka lambar ya yi da kanta. Likita ne ƙwararre, amma maganar da ya yi ta masu ƙididdiga ce, kuma kuskure biyu ke cikinta. Ninkawar tana halatta ne kawai in mutuwar farko ba ta da wata alaƙa da ta biyu, alhali 'yan'uwa suna tarayya a gado da muhalli, abin da ya kashe ɗaya yana iya kashe ɗayan. Na biyun ya fi muni. Ƙarancin aukuwar abu ba shi ne damar cewa wadda ake tuhuma ba ta da laifi ba. Jariran sun riga sun mutu, abu mai wuyar aukuwa ya riga ya auku. Abin da ya kamata a auna shi ne wanne ya fi wuya cikin biyun: mutuwar farat ɗaya sau biyu, ko uwa ta kashe 'ya'yanta biyu, wanda shi ma ba kasafai yake faruwa ba. Ba a yi wannan awo ba. Masu taya alƙali yanke hukunci sun ji miliyan 73 daga bakin masani, aka yanke mata ɗaurin rai da rai.

A Oktoban 2001 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Biritaniya ta fitar da sanarwa cewa wannan lamba ba ta da tushe. Daga baya aka gano wani sakamakon gwaji da ba a taɓa nuna wa masu kare ta ba, wanda ya nuna ƙwayar cuta a jikin jariri na biyu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a Janairun 2003, bayan ta shafe fiye da shekara uku a kurkuku da sunan uwar da ta kashe 'ya'yanta. Ta rasu a Maris na 2007, tana da shekara 42.